"Rikicin cikin gida ne": uzurin da ke gurgunta dokar kare 'yan Dalit a Indiya

Tun da Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2020 kan wata rigimar fili a jihar Uttarakhand, lauyoyin masu gorin asali suka gano lagon dokar 1989 da aka yi domin kare 'yan Dalit, wato mutanen da tsarin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa, ake ƙyamar ko da taɓa su. Kotun ta ce zagin da aka yi a cikin gida, ba a bainar jama'a ba, bai shiga ƙarƙashin dokar ba. Yanzu da zarar wata 'yar Dalit ta kai ƙara cewa dangin mijinta sun lakaɗa mata duka, sun goranta mata asalinta, abin da za ka fara ji shi ne: ai rikicin cikin gida ne, an lanƙaya masa asali ne kawai, tunda dokar ta hana a samu beli kafin kamu.

To a ina ake so suruka ta zagi matar ɗanta? Lasifika za ta ɗauka ta tafi kasuwa? A madafa ake wannan cin mutuncin, inda ake ware wa amarya kwanonta da kofinta, a hana ta taɓa tukunyar gidan don kada ta ƙazantar da abinci. Shaidun da ke wurin kuwa su ne masu zagin. A ƙasar da auren da ya tsallake shingen asali bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba, idan aka yi irinsa rigima ta ɓarke, galibi asalin ne tushen rigimar. Duk wanda ya taɓa ganin an fasa aure a garinsu saboda an ce ango ɗan mahauta ne, ya san ba halin yaron ake tuhuma ba.

A watan Maris na 2016, a garin Udumalpet na jihar Tamil Nadu, an sassare wani ɗalibi ɗan Dalit har lahira da rana tsaka saboda ya auri 'yar ƙabilar Thevar, masu ɗaukar asalinsu sama da na 'yan Dalit, na'urar ɗaukar hoto tana naɗa. Wannan ma ai rikicin iyali ne. An yanke wa mahaifin yarinyar hukuncin kisa a 2017, Babbar Kotun Madras ta sallame shi a 2020. A ƙauyen Khairlanji na jihar Maharashtra kuwa, a 2006 aka kashe uwa da 'ya'yanta uku, 'yan Dalit, kotu ta ɗaure makasan amma ta ce ramuwar gayya ce, ba ƙiyayyar asali ba. Idan gawa huɗu ba su isa hujja ba, wa zai saurari mace mai kumburarriyar fuska?

Masu cewa ana amfani da dokar wajen ƙulla sharri ba su kawo sabon abu ba, don babu dokar da ba a ƙulla sharri da ita, kuma ba a taɓa soke laifin sata saboda wani ya yi ƙazafi ba. Da wannan hujjar Kotun Ƙolin ta sassauta dokar a watan Maris na 2018, 'yan Dalit suka tsayar da ƙasar cak ranar 2 ga Afrilu, aka rasa rayuka, majalisa ta mayar da tanadin hana beli kafin kamu cikin 'yan watanni. A 2022 kaɗai hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta ƙararraki sama da 57,000 na cin zarafin 'yan Dalit. Yawan sallamar waɗanda ake zargi da ake kafa hujja da shi, sau da yawa sakamakon binciken ganin dama ne na 'yan sanda da kuma shaidun da aka razana.

Sashe na 17 na tsarin mulkin da jagoran 'yan Dalit Ambedkar ya jagoranci rubutawa ya haramta ƙyamar asali tun 1950, kuma bai ce ban da cikin ɗaki ba. Majalisar da ta iya gyara doka cikin gaggawa a 2018 ya kamata ta cire sharaɗin bainar jama'a, aƙalla inda mai zagin da wadda aka zaga suke kwana gida ɗaya.