Kafin ka nemi gurbin binciken ƙwaƙwalwa, ka gina niyuron ɗaya tukuna

Tun da aka ba John Hopfield da Geoffrey Hinton kyautar Nobel ta fisiks a 2024, masu digirin lissafi da injiniyanci suka ƙara sha'awar binciken ƙwaƙwalwa ta hanyar kwamfuta. Abin farin ciki ne. Amma a ganina wanda bai taɓa rubuta samfurin niyuron guda (ƙwayar ƙwaƙwalwa mai aika sigina) da hannunsa a kwamfuta ba, ya ga yana harba sigina a allo, gaggawa yake yi in ya fara cike fom ɗin digirin digirgir.

Aikin bai kai yini ɗaya ba a Python, harshen rubuta manhaja. Ka sa ƙarfin lantarkin ƙwayar ya huta a -70 milibolt, in ya hau zuwa -50 ta harba ta dawo ƙasa, lokacin zubar cajinta milisakan 20, kowane taku na lissafi milisakan 0.1. Layi ashirin sun isa. Daga nan ka haura zuwa ikweshan huɗu na Hodgkin da Huxley, waɗanda suka fitar a 1952 daga ƙatuwar jijiyar sikwid, wata halittar teku. Huxley da na'urar lissafi mai wanawa da hannu ya warware su. A nan ake fara cin tuntuɓe: in ka bar takun a 0.1 da sauƙaƙƙiyar hanyar Euler, lambobin sai su yi ta kumbura har su fashe, domin ƙofar da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar tana sauyawa da saurin da takun bai iya bi. Ka rage shi zuwa 0.01 sai komai ya daidaita. Mutum kan kwana yana zargin ilimin halitta, alhali matsalar ta lissafinsa ce.

Sai batun tuna abu. Ka gina hanyar sadarwar Hopfield ta 1982 da niyuron 100, ka adana mata zane uku, ka goge rabin ɗaya ka ba ta, za ta cike gurbin da kanta. Ka yi ta ƙara mata zane. Wajen na 14 sai ta rikice, ta riƙa dawo da gaurayen abin da ba ka taɓa koya mata ba, domin iyakarta kusan kashi 14 cikin 100 na yawan niyuron ɗinta ne. In zanukan sun yi kama da juna, kamar haruffa, tun kafin nan za ta rushe. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fi wanda ya haddace babi guda fahimtar dalilin da ya sa ake ta muhawara kan yadda hipokampas, sashen ƙwaƙwalwa mai adana tunani, ke raba abubuwan da suka yi kama.

Babban tarkon fannin kuwa shi ne samfurinka ya dace da bayanan gwaji, ka ɗauka ka gano gaskiya. A 2004 ɗakin binciken Eve Marder ya gwada samfura sama da miliyan 20 na wata 'yar da'irar ƙwayoyi uku irin ta cikin ƙaguwa, aka tarar saituka masu nisa da juna suna ba da kaɗawa iri ɗaya. Da'irar ƙwayoyi uku ke nan, ina ga ƙwaƙwalwar mutum mai niyuron kusan biliyan 86? Shi ya sa samfurin kirki sai ya yi hasashen abin da mai gwaji zai iya ƙaryatawa a kan ɓera.

Don haka wajen zaɓen malamin da zai duba ka, ka bincika ko yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu gwaji, kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Ka kuma san cewa bayan digirin, kwantiragin shekara biyu ko uku ake bi, masu yawa kuma kamfanoni suke komawa.

Kayan farawa ba su da tsada. Manhajojin kwaikwayon niyuron, Brian2 da NEURON, kyauta ne, Cibiyar Allen ta Amurka ta saki bayanan Neuropixels, na'urar naɗar siginar niyuron, ga kowa, Neuromatch na koyar da kwas na mako uku ta intanet tun 2020, akwai makarantar Imbizo a Afirka ta Kudu, ga kuma cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Wanda ya nemi gurbi da shafi a GitHub (dandalin ajiye manhaja a intanet) mai ɗauke da waɗannan samfura uku, da jadawalin da ke nuna inda kowanne ya lalace, ya ba mai tantancewa abin dubawa.