Ranar da giya ta cire wa Kawu tabarau

Motata ba ta yi mini laifin komai ba. Tana kai ni inda na nufa, ta dawo da ni lafiya. Ni ne dai na kwana ina kallon bidiyon masu tseren mota, har zuciya ta raya mini cewa injina yana ɓoye ƙarfi, kuma ni zan tono shi.

Aka haɗa ni da wani mai taɓa kwamfutar mota. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya soka waya a soket ɗin nan mai rami 16 da ake kira OBD, ya sa turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ta ƙara iskar, ya ƙara mai, ya gyara lokacin da fulogi ke ba da wuta. Da ya naɗe wayarsa na ce, giya fa? Ya ce, "Yallaɓai, otomatik ce ai, ita ke kula da kanta."

Mako guda ba mai iya yi mini magana. Sai ran nan na take totur zan wuce tirela, giya za ta bar ta uku ta shiga ta huɗu, allurar inji ta yi sama, inji ya yi gurnani, mota kuwa ta ƙi ƙara sauri, kamar mai gudu a kan santsi. Sai da direban tirelar ya kalle ni ya ƙoshi sannan ta kama.

Ashe kwamfuta biyu ce a motar, kuma kullum cikin hira suke. Ta inji tana gaya wa ta giya yawan ƙarfin juyin da ke tafe, ita kuma da wannan lissafin take sanin matsin man da za ta damƙe fayafayan kuloci da shi. Giyata ƙirar kamfanin ZF ce mai hawa takwas, 8HP45, kuma 45 ɗin nan ba ado ba ne, Nm 450 aka ƙera ta ta ɗauka, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin juyi ne. Injina ya haura 500. Don kada giya ta ga lambar ta sa a rage wuta, sai mutumin ya koya wa inji ƙarya: ya aiko kaya mai nauyi, ya ce mara nauyi ne. Giya baiwar Allah ta yarda, ta yi wa kayan riƙon sakainar kashi, kuloci ya riƙa zamewa.

Mai hankali gareji zai nufa. Ni manhajar sauya saitin giya na sauke a waya. Saurin canji, na kai shi ƙarshe. Matsin mai, ƙarshe. Sai na ga wani layi wai rage ƙarfin inji lokacin canjin giya. Na ce ina dalili, ni da na sha wahala aka ƙara mini ƙarfi, wane ne zai rage? Na kashe shi. Daga baya na gane wannan ita ce sallamar da ke tsakaninsu: duk canji, giya kan roƙi inji ya ɗan sassauta na ƙiftawar ido, inji ya jinkirta wutar fulogi, sabon kuloci ya kama a hankali. Ni kuwa na hana sallama, na ce kowa ya banko ƙofa kawai.

Washegari aka ce in ɗauko Kawu daga wurin likitan ido. Ya shigo da sabon tabarau, yana ta karanta allunan hanya da ƙarfi don in san yanzu yana gani. Muka tashi a hankali. Giya ta bar ta ɗaya ta shiga ta biyu, gum! Kawu ya waiga baya da sauri.

"Wane mara mutunci ne ya buge mu?"

"Babu kowa, Kawu. Giya ce."

"Giya ce take naushi?"

Na so in wanke kaina, in nuna masa cewa a guje ne aikin ke kyau. Da hanya ta buɗe na take totur. Ta uku ta shiga, taya ta yi ƙara, kan Kawu ya daki matashin kujera, tabarau ya yi tsalle ya faɗa tsakanin kujera da ƙofa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: fitila ta kama a gabana, kwamfutar giya ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta maƙale a giya ɗaya tal don ceton ranta. A haka muka rarrafa. A wata danja mai keke ya riga mu tashi, har ya waigo. Kawu yana laluben ƙasan kujera ya ce, "Ɗan nan, dama wannan ce motar tseren da kake ba mu labari?"

A gareji tsohon makanike ya kwance kaskon ƙasan giya, ya dangwali man da yatsa ya miƙo mini hanci. Baƙi ƙirin, yana ƙauri, ga garin kuloci kwance a kasko. Ya ce, "Maigida, ka sa ɗaya ƙarya, ka hana ɗaya ladabi, sannan ka zauna a tsakiyarsu."

Aka sa sabbin fayafayan kuloci, aka ƙara wa man giya na'urar sanyaya shi. Aka ɗora motar a injin gwaji mai naɗi, aka daidaita kwamfutocin biyu a zama ɗaya: inji ya koma faɗin gaskiya, aka ɗan rage masa zafin kai, aka ɗaga iyakar da giya ta yarda da ita, aka mayar da sallamar da na kashe. Sannan aka goge abin da giyar ta haddace, aka ce in yi kwanaki ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai har ta sake koyon kama kulocinta.

Yanzu canji yake yi tsaf, da sauri, ba naushi. Na je na shaida wa Kawu, har na roƙe shi ya zo mu zaga ya gani. Ya yarda. Da ya iso bakin ƙofar motar sai ya cire tabaransa, ya naɗe shi a hankici, ya tura can cikin aljihu, sannan ya ce, "To, bismilla."