A buɗe wa yaran Yamai filayen basket na lakwal

Duk lokacin da aka tayar da zancen basket a Nijar, sai ka ji mutane sun haye can sama. Wannan ya ce muna son babban zaure irin na Kigali ko na Dakar, wancan ya ce a ɗauko mana koci daga waje. Ni ban ƙi ba, Allah ya kawo. Amma abin da ya ɓace mana a Yamai ƙarami ne a ido: daɓen siminti da panye, a cikin unguwa ko a farfajiyar lakwal, inda yaro zai taka da ƙafarsa bayan la'asar ya yi wasa, babu mai tambayarsa ko dala. Muddin wannan bai dawo ba, zauren da za a gina zai rasa waɗanda za su cika shi.

Ni ɗan Bukoki ne, kuma a farkon shekarun 1990 na fara taɓa balon basket. Panyenmu na farko mai walda ne ya lanƙwasa mana shi da guntun rodi, muka sayo allo a Katako, wani yayanmu na unguwa ya ɗaure shi a jikin bedi da waya. Ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa. Kafin a fara sai ƙanana sun share, sun yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a ja layi da toka. Balon na roba ne, ya suɗe har ya yi santsi, ya sha faci wajen mai gyaran taya. Karo-karo muka yi muka saye shi, mai dala biyar, mai dala goma. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin da ya fi ƙarfinmu, sai balon nan ya zama dukiyar unguwa. Gida ɗaya yake kwana, kuma wanda ya buga shi da ƙafa ya sha hukunci ranar.

Uku-uku muke yi a panye ɗaya. Wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya fita ya bi layi. Babu arbitir. Wanda aka yi wa fot shi ke faɗa da bakinsa, in kuma yaro ya cika kiran fot na ƙarya, gobe ba wanda zai ɗauke shi a ƙungiyarsa. Gardama kam ana yi, musamman a kan marshe, wato tafiya da balo a hannu ba a buga shi ƙasa ba, ana yinta da Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cikin numfashi guda. Akwai ɗiyan Hausawa da Zabarmawa, akwai Fulani da Buzaye, akwai yaran da iyayensu suka zo daga Togo da Benin da Mali. Ban tuna ranar da aka zaɓi wani ko aka bar shi saboda yarensu ba. Abin da ake kallo shi ne ko kana ba da pas, ko kuwa kai ɗan riƙe balo ne. Da ladan ya ɗaga murya da magariba, wasa ya ƙare ko da maki ɗaya ya rage, domin dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci suna kallonmu, kuma sun san uban kowa.

Shekarar 1992 ce ta hura wutar. Bayan wasannin Olamfik na Barsalona, sunan Jordan da Magic Johnson ya shiga bakin kowane yaro. A gidan bidiyo muke ganin wasannin NBA, babbar gasar basket ta Amurka, a kaset ɗin da kan iso bayan watanni, hoton yana rawa, mun riga mun san wanda ya ci amma mu biya mu zauna. Wanda ya fi shiga ranmu shi ne Hakeem Olajuwon. Haifaffen Legas ne, Musulmi, ya ɗauki kofi da Houston a 1994 da 1995, kuma yana azumin Ramadan yana buga wasa. Wannan labari ya yi mana aiki a gida ƙwarai. Iyayen da ke ganin basket wasan ɗiyan masu kuɗi ne da masu kwaikwayon Turawa, da suka ji akwai mai salla da azumi a ƙololuwar abin, sai suka sassauta.

A CEG na fara taka filin gaske, mita 28 a tsawo, 15 a faɗi, panye a mita 3.05. Ranar ce muka gane cewa namu na jikin bedi gajere ne, duk jifar da muka ƙware a kanta sai ta riƙa dukan bakin ƙarfe. Mushen EPS ɗinmu, wato malamin wasanni, Allah ya saka masa da alheri, shi ya sake mana komai daga tushe. Ya hana mu kallon balo lokacin diribil. Ya ɗaure mana hannun dama a baya don hagu ya koya. Yakan sa mu yi ta shiga panye da taku biyu har ƙafa ta haddace. Albashi a shekarun nan yakan yi watanni bai fito ba, kowa ya sani, amma mutumin nan yana zuwa da kekensa da usur a wuya, ya buɗe mana fili. Kuma yana da sharaɗi: kafin maci sai ka kawo takardar makinka, in ba ka kai 10 bisa 20 ba, benci ne wurinka ko kai ne ka fi kowa tsawo. Na san yaran da lissafi ya shiga kansu ta wannan ƙofa kawai.

Macin makarantu kuwa, wanda bai gani ba da wuya ya gane. In aka ce yau Isa Korombe da Kasai za su haɗu, ko ƴan matan Mariyama za su fito, tun safe hankali ya bar allo. A ƙafa ake tafiya, ayari guda, ana kiɗa jarka da gwangwani. Fili ya kewaye da mutane har layi ya ɓace, arbitir ya yi ta korar ƙafafu baya. Masu lemu-hari da ƙanƙara da ƙosai su yi ciniki. Lokacin rabi biyu ake yi na minti ashirin-ashirin, sai a 2000 aka koma kashi huɗu na minti goma. Mayo ɗinmu riga ce fara da aka rubuta lamba da fenti, takalmi kuwa na bosho, wani ma aro ya yi, in an canza shi ya cire ya miƙa wa mai shiga. Sannan a shekarun yajin aiki, lokacin da aji kan yi makonni a rufe, filin ne ya riƙe mu. Muna da wurin zuwa, muna da babba a kanmu.

Akwai abin da nake so maza ƴan'uwana su tsaya su duba, shi ne ƴan mata. Ƙwallon ƙafa a zamaninmu na maza ne, kokowa ta maza ce. Basket da handbal su ne ƙofar da ɗiya mace ke shiga wasa. Ƙanwata ta buga wa makarantarsu, kuma babanmu mutum ne mai tsanani. Abin da ya sa ya yarda a fili yake: filin yana cikin lakwal, lakwal tana kusa da gida, ya san malamin, ya san za ta shigo kafin magariba tare da ƙawayenta na layinmu. Ka cire ɗaya daga cikin waɗannan, amsarsa a'a ce. Yau in ka ce wa uba ɗiyarsa za ta shiga taksi biyu zuwa wani fili can tsakiyar gari, ta dawo da duhu, kai ma ka san abin da zai ce, kuma ban ga laifinsa ba. Namiji zai iya hawa bayan babur ɗin abokinsa ya tafi. Ita zama za ta yi. Duk filin unguwa da aka rufe, mata ne suka fara asararsa, kuma asarar tasu ba ta da hayaniya, shi ya sa ba a lissafa ta.

Ku dubi Mali. Rana ɗaya ke dukanmu, aljihunmu kusan ɗaya. Matansu sun ɗauki kofin Afirka a Dakar a 2007. Samarinsu ƴan ƙasa da shekara 19 sun kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2019, Amurka ce kawai ta tsayar da su. Wanda ya zaga Bamako da marece ya ga inda abin ke fitowa: yara ƙanana, maza da mata, a filayen unguwanni, da wani babba yana hura usur. Mu ma ba tsawo muka rasa ba, ba ƙarfin zuciya muka rasa ba. Ƙasar da ta fitar da Isaka Dabore ya ciyo tagulla a dambe a Munik a 1972, ta fitar da Alfaga ya ciyo azurfa a taekwondo a Riyo a 2016, ba za a ce mata ba ta da ƴan wasa ba.

To ina filayen suka tafi? Wani ɓangare na amsar kowa ya san shi. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su cika dubu 400 ba, a ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. Yara sun yi yawa, aji ya yi kaɗan, aka shiga cin farfajiya. Bayan gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas, wadda ta ci yara kusan 20 a azuzuwan zana, babu mai imanin da zai ce kada a gina aji na siminti. Wannan na karɓa hannu biyu. Abin da ban karɓa ba shi ne shagunan haya da ake jerawa a jikin katangar makaranta, da sababbin unguwannin da aka yanka fuloti-fuloti ba a bar wa yara ko taku ashirin ba, da makarantu masu zaman kansu da ake buɗewa a gidan haya, inda EPS ya zama tsalle-tsalle a bakin titi in jarrabawa ta matso.

Wanda ya fi ci mini rai ma shi ne filin da yake nan amma an kulle. A bakans ɗin da ya wuce na raka ɗana da abokansa wata makarantar gwamnati da ke da fili. Simintin ya tsage amma ana iya wasa, panye ɗaya na tsaye. Mai gadi ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, an ce kada in bar kowa ya shiga." Na ce: "Baba, yara ne na unguwar nan, wasunsu ma nan suke karatu." Ya ce shi dai umarni aka ba shi, in wani abu ya ɓace shi za a kama. Gaskiyarsa ce, bawan Allah ne mai kare abincinsa. Muna tsaye ina hangen motoci biyu an ajiye su a tsakiyar filin. Yaran suka juya da balonsu a hannu.

Kada kuma wani ya ce mini yaran yanzu waya ta cinye su, ba sa son wasa. A wayar nan suke kallon taurarin NBA irin su Giannis da Wembanyama, sun san dokokin wasan fiye da yadda muka sani a shekarunsu, rigunan NBA sun cika gari. Son yana nan, wurin ne babu. Joel Embiid sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara basket a Kamaru, aka gan shi a wani sansanin horo, a 2023 ya zama gwarzon NBA. Da bai sami filin da zai fara ba, wa zai gan shi? Kuma ni ba don NBA nake wannan magana ba. Cikin duk waɗanda muka yi wasa tare babu wanda ya ci abinci da basket, amma mun sami lafiyar jiki, mun koyi a ci mu mu miƙa hannu, mun koyi jiran layi. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, barin yaro daga la'asar zuwa dare babu abin yi sai zaman fada, inda wani lokaci tiramol ke zagayawa, sakaci ne da za a tambaye mu.

Manyan wurare muna da su. Filin Janar Seyni Kunce na nan, Palais du 29 Juillet na nan, mun karɓi wasannin Farankofoni a Disamban 2005, ƙungiyar Nigelec ta wakilce mu a wasannin share fagen gasar BAL ta kulob-kulob ɗin basket na Afirka. Ina jinjina wa masu riƙe da kulob-kulob da tarayyar basket, da ɗan abin da ke hannunsu suke yi. Amma yaron Talaje ko Koira Tegi ko Harobanda ba zai fara daga can ba. Daga bayan gidansu zai fara, in ya yi fice sannan kulob ya ɗauke shi.

Kuma abin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Uku-uku ɗin da muke yi a gindin bedi yau wasan Olamfik ne, tun gasar Tokiyo. Filinsa mita 15 ne da 11, panye ɗaya. Makarantu da yawa da suka rasa wurin cikakken fili suna da wannan. A sa fitila biyu masu aiki da hasken rana, domin a watan Afrilu da Mayu siminti ba ya takuwa sai rana ta faɗi, wasan bayan isha'i ya fi. A ware wa ƴan mata ranakunsu, da malama ko wata uwa a wurin. Tsoron sata da ɓarna kuwa, maganinsa mutum ne mai suna: kwamitin COGES mai kula da makaranta ya zauna da mai unguwa, a naɗa manya biyu ko uku cikin tsofaffin ƴan wasa, su sa hannu, su karɓi mabuɗi da la'asar su mayar in an tashi, abin da ya lalace a wuyansu. Mu da muka ci moriyar filayen nan muna nan da yawa a gari, gwiwa ta gaji amma muna iya riƙe usur.

Ƴan amikal na tsofaffin ɗalibai, da ku nake musamman, har da tamu. Kowace shekara muna haɗa kuɗin anko da abinci da hayar kujeru don walimar yini ɗaya. Bana a raba kuɗin biyu, rabi ya tafi ga siminti da panye a makarantar da ta yi mu. A taronmu mai zuwa zan kawo wannan magana a rubuce, kuma zan nemi mu je wurin darakta tare, mu roƙi a ba mu filin na bakans ɗaya a gwada mu.