Muna Biya Duk Wata, Amma Wa Muke Biya?

Daren jiya na buɗe jerin waƙoƙin da na yi shekaru ina tarawa a wata manhaja, ina neman wata waƙa guda da nake sakawa idan barci ya ƙi zuwa. Sunanta na nan a inda na bar shi, amma rubutun ya dushe, ya koma launin toka. Na danna, shiru. Na sake dannawa, sai wani ɗan saƙo ya leƙo cewa babu wannan waƙar a yanzu. Ban yi fashin biya ko sau ɗaya ba, kowane wata sai an cire kuɗin tun kafin in tuna. Ba wanda ya yi mini sallama kafin ya shigo ya ɗauke ta, kuma a dokance ba ni da bakin magana, don ashe tun farko ba tawa ba ce. Haya nake.

Wannan ne ya hana ni barci har nake wannan rubutun. Mai gajen haƙuri ya wuce abinsa, don zai yi tsawo.

Waɗanda suka riski intanet na farkon shekarun 2000 sun san wahalar da ake sha kafin a mallaki waƙa guda. Ka sa ta sauka, ka zauna kana kallon layin nan yana rarrafe kamar hawainiya, ya kai kashi 97 sai layi ya yanke, ka koma farko. Wani lokaci ka gama saukewa ka buɗe, ka tarar wata waƙar ce daban aka liƙa wa sunan. Duk da haka mutane suka yi ta tururuwa. A 1999 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar da ta ba kowa damar ɗaukar waƙa daga kwamfutar wani kyauta. Kamfanonin waƙa suka garzaya kotu, a 2001 aka rufe ta. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin kafin a juya wasu irinta sun tsiro. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta koma kan masu sauraro da kansu: a watan Satumba na 2003 ta maka mutum 261 a kotu lokaci guda, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12. Cinikin waƙa a Amurka, wanda ya haura dala biliyan 14 a 1999, ya yi ta zubewa har ya sauko kusan rabin haka a 2014.

Labarin da aka riƙa ba mu a lokacin shi ne mutane ɓarayi ne, ba sa son biya. Ni ban taɓa yarda da wannan ba. A watan Afrilu na 2003 Apple ya buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya santi 99, kuma a makon farko aka sayi waƙa miliyan ɗaya. Mutanen nan dai da aka ce ba za su biya ba. Abin da suka ƙi shi ne a tilasta musu sayen faifai mai waƙa goma sha biyu saboda guda biyu da suke so. Da biya ya fi sata sauƙi, sai suka biya. Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet wanda aka ƙaddamar a Suwidin a 2008, a kan wannan tunanin aka gina shi, kuma ba mamaki da ya fito daga can, tunda ƙasar ce mahaifar The Pirate Bay, shafin satar fasahar da ya fi kowanne suna. Netflix kuwa da aika faifan fim ta gidan waya ya fara, sai a 2007 ya shiga nuna finafinai ta intanet.

Ta ɓangaren mai kallo da mai sauraro, gaskiya ɗaya ce, an yi nasarar da ba a taɓa yi ba. Abin da ke cikin wayar ɗan makaranta a yau, babu sarkin da ya taɓa tara kwatankwacinsa a fadarsa. Ba zan tsaya yabon wannan ba, kowa na gani.

Inda nake son mu daɗe shi ne hanyar da kuɗin ke bi bayan ya bar aljihunka.

Yawancinmu muna zaton idan ka biya kuɗin wata, ka kwana talatin kana sauraron mawaƙi ɗaya, to kuɗinka wajensa ya tafi. Ba haka ba ne, malam. A tsarin da manyan manhajojin waƙa ke bi, ana zuba kuɗin kowa da kowa a tukunya guda, kamfani ya cire nasa, sauran kuma (Spotify ya ce kusan kashi biyu cikin uku yake bayarwa) a raba gwargwadon yawan sauraron da kowace waƙa ta samu cikin jimillar sauraron kowa. Wato idan wata shahararriya ta kwashe kashi biyu cikin ɗari na duk sauraron watan, to kashi biyu na tukunyar nata ne, har da kuɗinka, ko da ba ka taɓa jin muryarta ba. Shi kuwa ɗan mawaƙin da ka kwana da shi a kunne, abin da zai samu bai wuce ɗigon da sauraronka ya zama a cikin kogin ba. Kuma ko ɗigon ba hannunsa yake faɗawa kai tsaye ba. Yana zuwa ne wurin mai haƙƙin mallaka, wanda sau da yawa kamfani ne irin su Universal ko Sony ko Warner, shi kuma ya ba mawaƙi abin da yarjejeniyarsu ta ce, bayan ya cire bashin da ya ce yana bin sa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai ƙananan dokoki guda biyu da suka fi ba ni haushi. Na farko, sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Ka lura da yadda waƙoƙin yanzu suka daina doguwar shimfiɗa? Da an danna sai amshi ya fara, don kada ka tsallake kafin agogo ya cika. Waƙar minti goma da ta minti biyu kuma ƙirge ɗaya ake yi musu, to wa zai wahalar da kansa? Tsarin biya ya shiga har cikin ɗakin da ake tsara waƙa yana gyara mata tsawo. Na biyu, daga 2024 Spotify ya ce duk waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba za a biya ta komai ba, kasonta ya koma tukunya. Hujjarsu ita ce kuɗin ba ya kai a cire shi, kuma ana amfani da ƙananan waƙoƙi wajen zamba. Na ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma a ƙarshe daga hannun wa aka karɓa, a hannun wa aka zuba?

Kada a ce ƙanana ne kawai ke kuka. Shahararriyar mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta janye duk waƙoƙinta daga Spotify a 2014, sai a 2017 ta dawo. Ita tana da ƙarfin yin yaji a biyo ta da biko. Marubutan finafinan Holiwud sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, 'yan wasa ma suka bi sahu, kuma cikin manyan buƙatunsu har da kuɗin maimaici. A zamanin talabijin, duk lokacin da aka sake nuna shirin da ka rubuta sai wani abu ya shigo maka. Da aka koma intanet, kamfani ne kaɗai ya san mutum nawa suka kalla, kuma ya ɓoye alƙaluman. Ta yaya za ka nemi kasonka a cinikin da ba a yarda ka ga littafinsa ba?

Zan yi wa YouTube adalci a nan. Tun 2007 ya fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo, kuma kashi 55 cikin 100 da yake bayarwa a dogayen bidiyoyi ya buɗe ƙofar da a da sai mai uwa a gindin murhu ke shiga. Mutane da yawa da babu gidan talabijin da zai kalle su sau biyu sun gina rayuwa a kansa. Amma gona ce ta aro. A 2018 aka wayi gari da sabon sharaɗi: sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara biyanka. Waɗanda suka tara miliyoyin mabiya a Vine, dandalin gajerun bidiyoyi, kuwa, da aka rufe shi a farkon 2017, ba su tashi da ko lambar wayar mutum ɗaya daga masoyansu ba.

Ina da aboki mai koyar da gyaran kayan lantarki a bidiyo, a wani dandali da ba sai na ambata ba. Na taɓa zama kusa da shi ya buɗe shafin lissafinsa, yana ja da yatsa ƙasa a hankali. Bidiyon da ya yi mako biyu yana haɗawa, an sa masa alamar cewa bai dace da masu talla ba. Babu bayani, babu mutum da za a kira. Ya cike fom ɗin ƙorafi, bayan kwana huɗu aka cire alamar, lokacin masu kallo sun riga sun kalla sun watse. Ya dube ni ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ka ga maigidana ke nan, ban taɓa ganin fuskarsa ba." Tun daga ranar, kafin ya faɗi kalma a gaban kyamara sai ya auna ko na'ura za ta yi fushi.

To mece ce mafita? Wasu za su ce a koma sata tunda biyan ma ba ya isa ga mai shi. Wannan hujjar malalaci ce, kuma mai cewa haka ba ya aika wa mawaƙin ko sisi ta wata hanyar. Na san dai abin da ke tura mutane can: finafinai sun warwatsu a manhaja biyar ko shida, kowacce da kuɗinta, an hana raba lambar sirri da 'yan uwa, an kuma dawo da tallan da aka ce mun biya don mu huta da shi. An gudu ba a tsira ba.

Abin da na gamsu da shi shi ne kuɗin da ke isa da gaske shi ne wanda ya bi gajeriyar hanya. Wani mawaƙi, Jack Conte, da ya ga abin da kallon bidiyoyinsa ke kawo masa bai taka kara ya karya ba, shi ya haɗu da abokinsa suka kafa Patreon a 2013, inda masoyi ke biyan mai fasaha kai tsaye duk wata. A Bandcamp, shafin sayar da waƙa, idan ka sayi kundi, mafi yawan kuɗin na mawaƙin ne, fayil ɗin kuma naka ne har abada. Dandalin waƙa na SoundCloud ma tun 2021 ya gwada tsarin da kuɗin mai sauraro ke bin waɗanda ya saurara kawai, wanda ya nuna cewa tukunya guda ba wahayi ba ce, zaɓi ne aka yi.

Wannan hanyar ma tana da ƙayarta, ban ɓoye ba. Tana mai da mai fasaha ɗan talla, rabin ranarsa ya tafi a roƙon a tallafa, kuma mai kunya ko wanda bai iya surutu ba zai sha wuya ko da ya fi kowa iyawa. Ga kason da shagunan manhajoji ke yanka, wanda kan kai kashi 30 cikin 100. Ga ɗimbin mutane a duniya da ke son biya amma katinsu ba ya wucewa, rijiya ta bayar guga ya hana. Kuma ba wanda zai iya ɗaukar nauyin duk wanda yake jin daɗin aikinsa. Mutum biyu ko uku dai, wannan ba ya gagara.

Da asuba na bi sawun mai waƙar nan tawa. Ashe saɓani ya shiga tsakaninsa da kamfanin da ke rarraba masa waƙoƙi, shi ya sa aka sauke su duka. Yana da ɗan shafi nasa, na sayi kundin gaba ɗaya, na sauke, na kwafa a wuri biyu kamar yadda muke yi shekara ashirin da suka wuce. Bayan awa uku sai ga saƙon godiya, layi biyu, har da kuskuren rubutu, alamar cewa da hannunsa ya rubuta. Kuɗin manhajar kuwa ranar Alhamis za a sake cirewa, kuma har yanzu ban soke ba.