Suna sayar mana da megabit, milisakan na kashe mu

Duk wanda ya sake ce mini "ka ƙara atisaye kawai" a kan wasan kwamfutar da nake bugawa, sai mun ɓata. Na ji wannan magana a bakin masu koyarwa a YouTube, na ji ta a bakin abokan wasa, har ƙanena da ni na koya masa riƙon maus ya fara yi mini ita. Atisaye na yi shi har ya ishe ni. Matsalata tana cikin wani farin akwatin intanet na 5G da ke bakin tagar ɗakinmu a nan Jidda, wanda nake biya wa kuɗi duk ƙarshen wata, kamfanin da ya sayar mini da shi kuma yana rantsuwa lafiyarsa lau.

Valorant nake bugawa, wanda Riot Games ya fitar a 2020, wani lokaci kuma in leƙa Counter-Strike 2 na Valve da ya maye gurbin tsohon a 2023. Duk tafiyarsu ɗaya ce: mutum biyar da mutum biyar, ɓangare ɗaya na neman dasa bam, ɗaya na tsarewa, wanda ya fara cin zagaye 13 ya yi nasara. In aka kashe ka, ka zama ɗan kallo sai zagaye na gaba. A Valorant akwai bindigar da ake kira Vandal, harsashi ɗaya a ka ya gama da kai komai nisa. Wato ba wasan ɓarin wuta ba ne, wasa ne na wa ya riga wa gani, wa ya riga wa dannawa.

Abin da ake cewa a yi don a ƙware, babu wanda ban yi ba. Na rage saurin maus, na bar shi wuri ɗaya don hannu ya saba. Na koyi ajiye saiti daidai tsayin kan mutum, na daina kallon ƙasa ina tafe. Na koyi tsayawa cak kafin in harba, tunda harbi a guje watsuwa yake yi. Na san lokacin da tawaga za ta haƙura ta tara kuɗi da lokacin da za a sayi manyan bindigogi tare, na san inda ake jefa hayaƙi a taswirar Ascent da Bind, na iya faɗa wa abokaina inda na ga abokin gaba a kalma uku ba tare da cika musu kunne ba. Ina ɗaukar wasannina in zauna in kalla. Duk da haka ina nan ina lilo tsakanin matakin Azurfa da na Zinare.

Kamfanin intanet yana tallata gudu, megabit ɗari kaza, a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Wasan nan kuwa ba ruwansa da wannan, ko megabit ɗaya ba ya cinyewa a sakan. Abin da yake buƙata shi ne ɗan ƙaramin saƙo ya tashi daga kwamfutarka ya je sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da shi, ya dawo da wuri, kuma ya riƙa dawowa a kan lokaci ɗaya kullum. Shi 'yan wasa ke kira fing, da milisakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sabar Valorant tana sabunta lissafinta sau 128 a kowane sakan, ke nan duk bayan milisakan 8 ko ƙasa da haka duniyar wasan ta motsa. Mai layin milisakan 25 da mai layin 150 ba lokaci ɗaya suke rayuwa ba.

Na san akwai abin da ya fi ƙarfin kowa. Haske a cikin wayar faiba, wadda ke ɗaukar saƙon intanet da haske, yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tsakanin Jidda da Frankfurt ta Jamus akwai kusan kilomita 4,000, zuwa da dawowa 8,000, ke nan milisakan 40 sun tafi ko da a miƙe aka shimfiɗa wayar, alhali ba a miƙe take ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma ban taɓa yin ƙorafi a kansa ba. Shi ya sa ma muka yi murna da aka buɗe sabar Valorant a Bahrain a 2020, wadda nisanta da mu bai kai kilomita 1,500 ba. A lissafi, ya kamata mu samu layi mai daɗi. Da hantsi kuwa ina samu: milisakan talatin da 'yan kai, a tsaye, ba motsi.

To amma wa ke wasa da hantsi? Da hantsi ina shago. Wasa sai bayan Isha'i, lokacin da duk unguwa ta dawo gida ta hau waya. Jidda gari ne na dare, balle daren Juma'a da kowa ke hutu washegari, balle kuma azumi bayan tarawihi. Turken 5G ɗaya, wato dogon ƙarfen sabis, shi ke ɗauke da mu duka, ƙarfinsa ake rabawa, kuma kamfanin ya ci gaba da sayar da akwatuna a unguwar kamar ba gobe. Sai ka ga fing ya tashi daga 35 ya haura 200 ya dawo, saƙonni suna ɓacewa a hanya, mutumin da kake bi da saiti ya ɓace ya ɓullo a wani gefen. Ka shige bayan bango, ka ce ka tsira, sai ka ga gawarka a fili, domin a wajen saba ba ka riga ka shige ba.

Faɗuwa a wasa ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne layin yana hana ni koyo. Mutum yana ƙwarewa ne in ya yi kuskure ya gane nasa ne ya gyara. Ni kuwa in na kalli wasan da na ɗauka, ba na iya rarrabe inda hannuna ya makara da inda layi ya ci amanata. Kamar mai koyon tuƙi ne a motar da sitiyarinta ke juyawa da kansa: in ta faɗa rami, me zai gyara? Har gara a ba ni milisakan 70 a tsaye dare da rana. Da wannan zan san yadda zan yi, in daina tsare lungu ina jira, in riƙa leƙowa da kaina tunda mai leƙowa yana riga mai jira gani. Amma layin da yake 30 yanzu, 180 anjima, babu dabarar da ta dace da shi. Ya mayar da ni matsoraci, ina laɓewa a baya, ina barin abokaina su shiga su kaɗai, kuma wannan mugun hali ya fara bin jikina har a ranakun da layin ke lafiya.

Sannan ga kunya. In layi ya yanke gaba ɗaya, mutum huɗu ka bari suna fafatawa da biyar. Wasan zai rage maka maki, ya hana ka shiga na wani ɗan lokaci, kuma ban ga laifinsa ba, don ba shi da hanyar sanin wanda ya gudu da gangan da wanda aka yanke wa layi. Tawagarmu duk Hausawa ne, biyu daga Makka wajen Shari'ul Mansur, ɗaya ɗalibi a Madina, sai mu biyu a Jidda. Babbanmu ya kira ni ya ce, "Ƙanena, ka san ba ni da matsala da kai, amma yaran nan sun fara ƙunƙuni. Ka gyara layinka ko ka bari mu nemi wani a ranakun gasa." Na ce, "Yaya, gaskiya ka faɗa." Me zan ce? Da ni ne shi, haka zan yi.

Kada wani ya zo mini da "ka gwada kaza". Na ja waya daga akwatin zuwa kwamfuta, na rabu da waifai. Na zagaya da akwatin taga-taga har Umma ta ce, "Kai wai aljanu kake nema a gidan nan?" Na shiga saitinsa na rage wa sauran wayoyi ƙarfi, domin na gano duk sanda aka tura bidiyon biki zuwa Kano ta WhatsApp, saƙonnin wasana sai sun bi layi a bayansa. Wannan ya ɗan taimaka, amma cunkoson da ke kan turke ba a ɗakina yake ba.

Faiba ce magani, kowa ya sani. Tsohuwar unguwarmu tana cikin waɗanda rusau ya ci a 2022, muka dawo wannan bene, ga akwatin faiba a jikin benen da ke kallonmu, namu babu. Na nemi a ja mana, kamfani ya ce sai da izinin mai gida. Mai gida ba a ganinsa, sai mai gadi, shi kuma amsarsa ɗaya ce, "in sha Allahu". Da na dage sai aka ce ba a son a huda bango. Bangon da na'urorin sanyaya ɗaki suka riga suka yi wa huji ta ko'ina!

Wajen kamfanin kuwa, nan ne hawan jinin yake. Ka kira, na'ura ta yi ta yawo da kai, danna ɗaya, danna uku. In Allah ya sa ka samu mutum, tambayarsa ta farko: ka kashe ka kunna? Sai ya sa ka auna gudu, lamba ta fito babba, ya ce ai ga shi komai daidai. Ka ce masa ba gudu kake magana ba, tsalle-tsallen fing ne da ɓacewar saƙo, sai ka ji shiru, ka san takardar da ke gabansa ba ta zo nan ba. Sun turo ma'aikaci, ya zo da hantsi lokacin da unguwa ba kowa, ya auna, ya yi murmushi, ya tafi. Kafin ya kai mota saƙo ya shigo wayata wai an warware matsalata, in ba su taurari. Na ce to ku karɓi kayanku, aka ce na sa hannu a kwantiragi, in na fita kafin wa'adi akwai tara. Lokacin da wakilinsu ya tare ni a ƙofar kanti yana cewa layin nan don 'yan wasa aka yi shi, bai ambaci tara ba. Kuɗin wata kuwa ba ya taɓa makara, da harajinsa na kashi 15 cikin ɗari a kai.

Abin takaicin, a ƙasar nan fa muke. A 2022 kamfanin Savvy na asusun zuba jarin gwamnati ya sayi ESL da FACEIT, kamfanonin shirya gasar wasannin kwamfuta, a kan dala biliyan ɗaya da rabi. A shekarar ce aka ƙaddamar da tsarin ƙasa na wasannin kwamfuta, mai burin samar da ayyuka 39,000 zuwa 2030. A 2024 Riyad ta karɓi gasar kofin duniya ta wasannin, kyautarta ta haura dala miliyan 60, ƙungiyar Falcons ta nan gida ta zo ta ɗaya. Mun kalla, mun yi ihu, mun ji daɗi. Amma waɗancan 'yan wasan ba a kan dandamali aka haife su ba, a ɗaki suka faro, a kan layin gida. Yaron da ke bene irin namu, wanda kamfani ya ɗaure da akwatin da ke suma duk dare, ta ina zai bi ya kai can? Akwai yara Hausawa a Makka da Jidda masu hannu kamar me, na buga da su, na gani.

Ba sadaka nake roƙo ba, kuɗina nake biya. Su turo ma'aikacinsu da ƙarfe goma na dare, ya zauna kusa da ni, in buɗe masa jadawalin layi da ke cikin wasan ya ga yadda yake rawa. Su daina sayar da sababbin akwatuna a kan turken da ya riga ya cika. Wanda ya ce yana sayar da layin 'yan wasa, ya rubuta fing ɗin da ya yi alkawari a cikin kwantiragi, da na safe da na dare. In ba za su iya ko ɗaya ba, su zo su ɗauki akwatinsu, kuma ko halala ɗaya, kwabon nan ƙasar, ba zan biya da sunan tara ba.