Wa ke da ikon cewa a tsaya?

Kafin in zo Amurka, na ɗauka kamfani idan ya girma to ya gama da matsalar inganci, sai dai ƙananan 'yan kasuwa su yi ta fama da ita. Aikin masana'anta a nan ya sauya mini tunani. Na ga watan da oda ta yi mana yawa aka ɗebo sababbin ma'aikata, wanda ya zo jiya yau shi ke koya wa wani. Kayan suna fita da yawa, suna kuma dawowa da yawa.

Kamfanoni biyu nake yawan kwatantawa. Toyota ta wuce General Motors a 2008, ta zama kan gaba a duniya wajen sayar da motoci. Ba a daɗe ba, tsakanin 2009 da 2010, ta janye motoci sama da miliyan 8 saboda matsalar totur. A watan Fabrairun 2010 shugabanta Akio Toyoda ya zauna gaban majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa sun yi saurin faɗaɗa, har horar da mutanensu ya kasa bin sahu. Wannan amsar ta burge ni, domin ba kowane shugaba ne zai iya furta ta ba. Kuma Toyota tana da abin da za ta koma kansa: tun da daɗewa a masana'antunta ƙaramin ma'aikaci yana iya jan igiya idan ya ga kuskure, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya.

Boeing kuwa, kamfanin ƙera jiragen sama, da abokiyar gogayyarta Airbus ta fito da sabon jirginta A320neo, sai ta shiga gaggawar fitar da nata jirgin 737 MAX don kada kasuwa ta kuɓuce mata. Jirgin 737 MAX ɗaya ya faɗi a Indonesiya a Oktoban 2018, wani ya faɗi a Habasha a Maris na 2019. Mutum 346 suka rasu. Duk lokacin da na tuna adadin nan sai jikina ya yi sanyi, don kowannensu akwai masu jiran dawowarsa. An dakatar da jiragen kusan wata 20. Duk da haka a Janairun 2024 wani marfin ƙofa ya ɓalle daga sabon jirgi yana sama, har sai da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade wa Boeing ƙera jiragen 737 MAX 38 kacal a wata. Birkin da ya kamata su taka da kansu, hukuma ce ta taka musu.

Ba ƙin bunƙasa nake yi ba, ni ma da ita nake cin abinci. Amma inji ana sayensa da kuɗi a kafa shi cikin mako guda, gwanin da zai ji ƙarar injin ya san akwai matsala kuwa sai ya shekara da shekaru a bakin aiki. Shi ya sa idan abokaina masu sana'a suka kira ni da murnar za su buɗe reshe na biyu, nakan taya su murna, sannan in tambaye su wa zai riƙe wurin, kuma ko yana da ikon mayar da oda idan hannu bai isa ba.