Ranar da Na Yafe wa Masu Bashin Kawu Ba da Saninsa Ba

Kawuna dillalin albasa ne a Sakkwato, yana sayo ta daga Wurno da Goronyo, kuma shekara da shekaru lissafinsa yana cikin wani littafi mai baƙin bango da yake rubutawa da ajami: wane ya ɗauki buhu goma, wane ya biya rabi, wane ya ce sai bayan sallah. Ni kuwa da na ɗan koyi rubuta manhajar kwamfuta, sai na ɗauki littafin nan abin kunya ga zuri'armu, na yi wa Kawu alkawarin manhajar da za ta riƙe sunayen masu bashi ta kuma fitar da jimilla ba tare da ya lashi yatsa ya juya shafi ba. Mako uku na yi ina kwafe littafin cikin fayil guda, har na ba shi shawarar ya kai wa mai ƙosai takardun ta riƙa naɗe kaya.

Don in huta da buga umarni iri ɗaya kullum, sai na ɗauko Make, tsohon kayan aikin haɗa manhaja da Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs na Amurka a shekarar 1976. Mutum yana jera umarninsa a fayil mai suna Makefile, ya sa wa kowane aiki suna, in ya kira sunan sai Make ya miƙa umarnin ga shel, wato manhajar da ke aiwatar da abin da aka rubuta mata. Na ƙirƙiri aiki na sa masa suna `shara`, wanda zai shiga foldar `gini` ya kwashe tarkacen da haɗa manhaja ke bari. Layi biyu ne kacal: na farko `cd gini`, wato shiga `gini`, na biyu `rm -rf *`, wato goge duk abin da ke wurin.

Wata rana ce ta Afrilu a zauren gidanmu da ke Mabera, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta tun hantsi, batirin kwamfuta kuma yana ta zubewa. Da na kira `make shara`, sai ya ƙi, ya ce mini "missing separator", ya tsaya. Na kusa sa'a guda ina duba layukan nan biyu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kafin in gane cewa Make ba ya karɓar tazarar da aka yi da dogon maɓallin ƙasa a farkon layin umarni, sai wadda aka yi da maɓallin Tab, alhali a ido duk fili ne fari. Shi kansa Feldman ya amsa daga baya cewa ya bar wannan ƙa'ida ne saboda mutum goma sha wani abu sun riga sun fara amfani da Make, bai so ya ɓata musu aiki. Don kada a ɓata wa waɗannan bayin Allah rai, ga ni bayan kusan shekara hamsin ina zufa a Mabera.

Yanzu da nake tunawa, wannan ƙin da ya yi shi ne alheri na ƙarshe da Make ya yi mini ranar. Na gyara Tab, na sake kiran aikin, ya gudana lami lafiya ba ƙorafi, har na kira Kawu ya zo ya ga aikin zamani. Da na nemi jerin fayiloli, sai allo ya amsa da shiru. Ba manhaja, ba foldar `gini`, ba fayil ɗin bashi, har Makefile ɗin da ya ba da umarnin ya tafi tare da su.

Abin da ban sani ba shi ne, Make yana buɗe wa kowane layi shel ɗinsa daban. Kamar mai gida ne ya aiki yaro ya ce shiga ɗakin ajiya, yaron ya shiga, ya fito ya tafi gidansu. Sai ya kira wani yaron daban ya ce kwashe duk abin da ke nan ka zubar, shi kuwa yana tsaye a tsakar falo. Layin farko ya shiga `gini`, ya dawo da sifili, alamar nasara ke nan a wurin Make, don haka bai ga dalilin tsayawa ba. Layi na biyu ya fara daga inda Makefile yake, kuma `rm` ba ya kai kaya kwandon shara balle a je a tono. Da na haɗa su a layi guda, `cd gini && rm -rf *`, da ba a yi haka ba.

Kawu ya leƙa allon, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗana, ina lissafin da munka yi?" Na ce, "Kawu, an ɗan yi shara ne." Ya ce, "Har da bashin nawa anka share?"

Abu ɗaya ya tsira: alamar tauraro ba ta kama sunan da ya fara da ɗigo, saboda haka foldar `.git`, inda Git, manhajar adana tarihin fayiloli, ke ajiye kwafinsu, tana nan, daga cikinta na dawo da manhajar. Fayil ɗin bashi kuwa ni da hannuna na hana Git ajiye shi, wai don kare sirrin abokan ciniki, kuma lalle sirrin ya karu, tunda har mu ba mu san shi ba.

Kawu bai ce komai ba, ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro littafin nan mai baƙin bango, wanda ashe bai daina rubutu a ciki ba ko kwana ɗaya. Bayan sallar isha'i da aka kawo wuta, ya zauna yana karanto suna da adadin buhu ina bugawa, kuma duk shafin da muka gama sai ya leƙo ya tambaye ni ko mai sharar ya tafi gida.